Garmahon Mati Direba

Ran kasuwar Gujungu, da hantsi,
ina tsaka da cire wa rediyo hanji,
Hansai ta dire buhun taki a gabana,
ta ce, "Na Baba ne. Duba ko yana gyaruwa."

Garmaho ne, katakonsa ruwan goro,
murfin ya tsage an ɗaure da waya.
Mati Direba ya saye shi a Sabon Gari
shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi,
ya rungumo shi a gaban mota kamar jinjiri.
Yau shekara goma sha tara rabonsa da juyawa.

Na kwance noti shida, na tara a murfin kwalba.
Zanzaro ya yi gini a ciki, ɗaki uku,
gara ta ɗanɗana gefe ta fasa,
ɓera ya bar ɓawon gujiya a lungu.
Gidan da ba mai gida, gidan kowa.

Bel ya narke ya koma kwalta,
ya liƙe min a yatsu har la'asar.
Giris ya daskare kamar tsohon man kaɗe.
Kananzir, gashin kaza, da haƙuri:
Cindo na haska tocila, ina gogewa.

Ɗigo biyu na man keken ɗinki a gindin sanda.
Biyu kawai. Cindo ya so ƙarawa.

Bel irin wannan babu shi ko a Kano,
sai na yanko tsohon tub na keke,
siriri, da reza sabuwa.
Na farko ya yi sako-sako,
mawaƙin yana ja kamar mai zazzaɓi.
Na biyu ya matse, dattijo ya koma ɗan akuya,
har mai tsire na maƙwabta ya ƙware da dariya.
A na biyar ne murya ta tsaya da ƙafafunta,
talatin da uku, ba gaggawa ba nawa.

Allura kuwa sai da na yi sako uku,
wani tsoho a birni ya tono ta a gwangwani,
ya ce ita ce ta ƙarshe, kada in dawo.
Hannun ya yi sakayau, yana tsalle,
na ɗora masa kwabo mai huji, ya nutsu,
kuɗin da ba ya sayen komai ya sami abin ɗaukawa.

Fayafayan sun lanƙwashe kamar gurasa.
Na sa su tsakanin gilashi biyu a ranar safe,
na wanke da ruwan randa da ƙyallen atamfa.
Bakwai suka tashi. Huɗu sun riga mu tafiya,
ban ɓoye mata ba ran dawowa.

Na haɗa da batirin sola, na saki allura.
Ƙara ta fara, irin ta yayyafi a kan kwano,
sannan kalangu, sannan murya.
Masu awo suka tsaya da kwano a hannu.
Can tsakiya sai allura ta maƙale,
kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya,
tana maimaitawa.

Na ce, "Ƙarzane ne, zan iya cike shi."
Ta riƙe min hannu. "Bar shi.
Ni na yi shi da ƙusa, ina 'yar shekara shida.
An daki yayana Ilu a kai, na yi shiru.
Baba ya sani. Bai taɓa faɗa ba.
In an zo nan sai ya dube ni, ya sa yatsa."
Ta miƙa ɗan'ali, ta taɓa hannun a hankali,
waƙar ta haye ramin ta ci gaba da wucewa.

Ta biya ni, har da kwanon wake a kai.
Ta ce Ilu yana Ringim, idonsa ya tafi,
amma kunnensa garau.
Ta naɗe garmaho a zane, ba a buhu ba,
ta tsayar da mai babur tana cewa,
"A hankali, malam. Akwai wanda za mu je gaya wa."